Babi na Shida: Leɓen Fiffike

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta a Madawa ranar kasuwa ya ga shirwa tana aikinta. Takan yi ta shawagi can sama, fukafukai a miƙe babu motsi, har ta hango ɗan guntun hanji a ƙasa. Nan take sai ta kwararo. Abin da nake so mai karatu ya sa wa ido shi ne ɗan tsaikon nan na ƙarshe, lokacin da ta rage gudu, ta ɗaga ƙirji, ta baje wutsiya, ta miƙo ƙafafu. A cikin wannan ƙiftawar ido, a gaban kowane fiffike, daidai inda ya lanƙwashe, wasu 'yan gasu uku ko huɗu sukan ɗago su rabu da sauran, kamar mutum ya ɗaga babban yatsa. Tana surar naman, sai su koma su kwanta.

A hannun mahaifiyata na fara ganin wannan yatsa da kyau, ranar da take figar tantabara a tsakar gida. Ta miƙe fiffiken za ta cire dogayen gashin, sai na ga wani ɗan ƙashi a gefen gaba, da nasa gashin daban, yana motsi shi kaɗai in an taɓa shi. Na ce, "Inna, wannan kuma na mene ne?" Ta ce, "Riƙe mini ƙafafun tukuna, ɗan nan. Allah bai yi komai a banza ba." Kaza tana da shi, zabo yana da shi, haka ungulun da ke sauka a kan duwatsun Keita, haka shamuwar da ke zuwa mana da albishirin damina. Sai bayan shekaru masu yawa na gane cewa a kan ɗan'uwan wannan ƙaramin abu, wanda aka ƙera da ƙarfe, rayukan samari da yawa suka rataya a sararin sama tsakanin 1939 da 1945.

Mu fara da yadda fiffike yake ɗaukar nauyi. In kana cikin mota a hanyar Madawa zuwa Buza, a wurin da yake fili babu abin da zai buge ka, ka fitar da tafin hannunka ta taga a shimfiɗe. Iska za ta bi sama da ƙasa ta wuce, ba za ka ji wani abin kirki ba. Ka ɗan ɗaga gefen gaba, sai hannun ya nemi tashi. Ka ƙara ɗagawa, tashin ya ƙaru. Amma akwai inda za ka kai ka ji ɗagawar ta mutu, hannun ya kama rawa, iska tana tura shi baya kawai. Muddin karkatar ba ta yi yawa ba, iskar da ke bi ta bayan hannu tana manne da shi, tana bin lanƙwasarsa har ta sauka a baya, kuma ita ce ke tsotsar hannun sama. Da karkatar ta wuce kima, sai iskar ta kasa shan kwanar, ta ɓalle, ta dagule ta zama 'yan guguwoyi. A fiffiken jirgi na yau da kullum, wannan iyaka tana wajen digiri 15 ko 16. Masu Faransanci suna ce wa abin dekuroshaj, wato abin da aka rataya ya fita daga ƙugiya. Mu a nan za mu ce masa suɓucewa, tunda iska ce ta suɓuce wa fiffike.

Mutane da yawa suna zaton suɓucewa mutuwar inji ce, ko kuwa ba ta samun jirgi sai yana tafiya a hankali. Duka biyun kuskure ne. Inji na iya kasancewa yana ruri da dukkan ƙarfinsa iska ta saki fiffike, domin kusurwar da fiffiken ya tari iska da ita ce ke yanke hukunci. Nan ne jirgin yaƙi ya bambanta da jirgin fasinja. Mai jirgin yaƙi kullum a cikin kwana yake, ko yana bin wutsiyar wani ko wani yana bin tasa. In jirgi ya kwanta a gefe da digiri 60 yana shan kwana ba tare da ya yi ƙasa ba, fukafukansa suna ɗauke da ninki biyu na nauyinsa. In ya ƙara kwanciya zuwa wajen digiri 75, ninki huɗu ke nan. A ce jirgi yana suɓucewa a gudun kilomita 130 a awa in yana tafiya a miƙe. A kwanar farko zai suɓuce a wajen 184, a ta biyu kuwa a 260. Matuƙi yana ganin allurar gudu can sama, hankalinsa kwance, idonsa a kan abokin gaba, yana ƙara janyo sanda zuwa cikinsa don ya matse kwanar, alhali ya riga ya taka bakin rijiya.

Da a ce fukafukai biyun za su suɓuce tare, da da sauƙi: hanci ya sunkuya, jirgi ya ɗan faɗo, gudu ya dawo, iska ta sake mannewa. Amma ba kasafai suke yin haka ba. Farfela tana murɗa jirgi gefe guda, ko ƙafar matuƙi ta ɗan danne akalar wutsiya fiye da kima, sai fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa. Wanda ya riga ya faɗa ƙasa. Da yake yana faɗawa, iska tana zuwar masa daga ƙasa, kusurwarsa ta ƙara girma, suɓucewarsa ta ƙara zurfi, yana kuma jan jirgin baya ta gefensa. Wanda ke tashi sama kuwa kusurwarsa raguwa take yi, yana nan da sauran ƙarfinsa. Ɗaya na ja ƙasa da baya, ɗaya na turawa sama da gaba, sai jirgi ya kama juyawa da kansa, hanci ƙasa, kamar katantanwar da yara ke murzawa a kan rairayi. Babu mai tura shi, shi ke ciyar da juyin nasa.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne, duk abin da hankali ya ba mutum a wannan lokaci, shi ne ba daidai ba. Ƙasa tana tahowa, sai ya ja sanda baya don ya ɗaga hanci, ya ƙara zurfafa suɓucewar. Fiffike ya faɗi, sai ya tura sanda gefe don ya ɗago shi. To, a ƙeyar kowane fiffike, can wajen ƙarshensa, akwai wani ɗan faifai mai motsi da ake karkata jirgi da shi, mu kira shi kunne. In aka sauke kunnen fiffiken da ya faɗi, an ƙara masa kusurwa ke nan, an ƙara wa Barno dawaki. Maganin shi ne a rage totur, a bar sanda a tsakiya, a taka akalar wutsiya kishiyar juyin, sannan a tura sanda gaba, wato mutum ya ƙara nuna hancinsa ga ƙasar da yake gudu. A watan Agusta na 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Wilfred Parke, ya fita daga katantanwa da ransa a Larkhill bayan ya taka akalar kishiyar juyin, kuma ya iya bayyana abin da ya yi. Amma sanin magani bai isa ba sai da tazara. Kowane juyi yana cin tsawo, kuma wanda katantanwa ta kama kusa da ƙasa, ko da ya haddace darasin, ƙasa takan riga shi.

A 1917 wani matashin Bajamushe mai suna Gustav Lachmann, hafsan sojan doki da ya koma koyon tuƙin jirgi, ya faɗo sakamakon suɓucewa. Bai mutu ba. Yana kwance a asibiti ya yi ta juya abin a ransa, har ya kai ga tunanin cewa in aka tsaga fiffike aka bar iska ta ratsa ta tsagar daga ƙasa zuwa sama, ba za ta yi saurin ɓallewa ba. A watan Fabrairu na 1918 ya kai takardarsa ofishin rajistar ƙirƙira na Jamus. Suka ƙi karɓa, a ganinsu fiffike mai tsaga ya lalace ke nan. A can Ingila kuwa, Frederick Handley Page, mai kamfanin ƙera jirage, ya iso ga wannan dabara ta tasa hanyar, ya yi mata rajista a 1919, aka gwada ta a jikin jirgi samfurin DH.9 a 1920. Da labari ya kai wa Lachmann, ya nemi Ludwig Prandtl, babban malamin ilimin iska a Gotingen, aka sa samfurinsa a ramin gwajin iska a 1921. Sakamakon ya nuna ƙarin ƙarfin ɗagawa fiye da kashi 60 cikin ɗari. Maimakon su shiga kotu, mutanen biyu suka daidaita, kuma a 1929 Lachmann ya koma aiki dungurungum a kamfanin Handley Page.

Abin da suka ƙare da shi, wanda Ingilishi ke kira silat, wani siririn fiffike ne da ke kwance a goshin babban fiffike, ya rufe shi ruf kamar leɓe a kan haƙora. Shi ya sa nake ce masa leɓe. In jirgi na gudu a miƙe, iska tana bugun goshin kai tsaye, ta danne leɓen a wurinsa, ba za ka ma san da shi ba. In hanci ya fara ɗagawa, wurin da iska ke bugu sai ya zame ya koma ƙarƙashin goshin, saman goshin kuma tsotso ya yi ƙarfi, har ya fizgo leɓen gaba a kan 'yan hannuwansa na ƙarfe, tsaga ta buɗe tsakaninsa da fiffike. Babu inji, babu waya, babu maɓalli a gaban matuƙi. Iskar da ke shirin guduwa ita ce da kanta take buɗe ƙofar da za ta tsare ta. A cikin duk dabarun da ke cikin wannan littafi, ban san wadda ta fi wannan burge ni ba.

Me ya sa tsaga take taimako? Manomin kwarin Majiya ba zai sha wahalar yarda ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a wannan kwari na ƙasar Buza, aikin ma'aikatan gandun daji na Nijar tare da ƙungiyar CARE: layi biyu-biyu, tsakanin wani da wani mita 100, har suka kai ɗaruruwan kilomita. Ka tsaya bayan katangar ƙasa ranar da iskar hunturu ta taso, za ka ga ƙura da karmami suna wulwulawa a gindinta, domin iskar da ta tsallako ta ɓalle ne gaba ɗaya, ta faɗo tana dagulewa. Ka koma bayan layin itatuwa, inda wata iskar ke ratsawa ta tsakanin rassa, za ka ji ta lafa, kuma lafawar ta miƙa nesa cikin gona, ninkin tsawon itacen sau da yawa. Shingen da ya bar ƙofa ya fi wanda ya toshe. Kwatancen bai cika ta kowace fuska ba, don shi fiffike ba kwantar da iska yake nema ba, so yake ta manne masa. Abin da leɓe ke yi shi ne ya raba wahalar kwanar gida biyu. Shi ya fara tarar iska ya lanƙwasa ta, saboda haka kwanar da ta rage a goshin babban fiffike ba ta da tsanani kamar da. Sannan iskar da ta shigo ta tsagar sabuwa ce, ba ta gaji da gogar jikin ƙarfe ba, sai ta fara tafiyarta a bayan fiffike da ƙarfinta. Da haka iyakar digiri 15 takan matsa ta haura 20.

Jirgin yaƙin da ya fi shahara da leɓe shi ne Messerschmitt Bf 109 na Jamus. Tunanin maƙerinsa Willy Messerschmitt shi ne a ɗauki inji mafi ƙarfi a ɗaura masa jiki mafi ƙanƙanta. Ƙaramin fiffike yana ba da gudu, amma yana ɗaukar nauyi mai yawa a kan kowane taƙi nasa, saboda haka yana saurin kai wa iyaka, saukarsa kuma sai da gudu. Faɗin fukafukan 109 wajen murabba'in mita 16 ne, na Spitfire ya haura 22, na Hurricane ya kusa 24. Leɓe aka sa ya cike giɓin, bayan an gwada shi a ƙaramin jirgin Bf 108 na 1934. Shi 109 ya fara tashi a ƙarshen Mayu na 1935, da injin Rolls-Royce na Ingila a hancinsa da leɓe irin na Handley Page a fukafukansa. An ƙera kusan 34,000, kuma a shekarun ƙarshe na yaƙin da yawa daga sassansa fursunonin sansanonin Nazi ne suka yi su a ƙarƙashin tilas. Duk mai yaba ƙirar jirgin bai kamata ya manta da wannan ba.

Inda aka sa leɓen shi ne muhimmin abu. Bai bi dukkan tsawon fiffiken ba, a ɓangaren waje kawai yake, gaban kunnuwa. In matuƙi ya matse kwana har ya kai iyaka, tushen fiffike, wanda ke kusa da gangar jiki kuma ba shi da leɓe, shi ke fara suɓucewa. Jirgi ya yi makyarkyata, hanci ya nemi sunkuyawa. Ƙarshen fukafukan kuwa suna nan da iskarsu, kunnuwa suna jin magana. Tunda ƙarshen fiffike ne ke da dogon hannun da zai kifar da jirgi, in shi bai saki ba, katantanwa ba ta samun inda za ta kama. Leɓe bai hana suɓucewa ba, jinkirta ta ya yi, ya kuma zaɓa mata inda za ta fara. Ba shi ne kuma ke fitar da jirgi ba in an riga an shiga juyi sosai, nan sai an koma ga akala da sanda kamar kowa.

Wannan labari ya ratso ta ƙasar Hausa, ko da yake ba a cika faɗa ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A, sun taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Bayan shekara goma sha biyar, da Italiya ta shiga yaƙi tekun Bahar Rum ya yi wuyar bi, sai Ingila ta tuna da wannan hanya. Aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ƙetare Cadi zuwa Janaina da Fashir da Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940: 'yan Hurricane kaɗan, da Blenheim mai inji biyu a gaba yana nuna musu hanya. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vishi ta Faransa, mai bin Jamus, har zuwa ƙarshen 1942, saboda haka hanyar ta bi ta kudu da iyaka, Cadi kuwa ta buɗe ne domin gwamnanta Félix Éboué ya bi De Gol tun Agustan 1940. Daga Madawa zuwa Kano bai kai kilomita 400 a miƙe ba. Fataken Adar da suka je cin rani ko fatauci birnin a waɗannan shekaru, a ƙarƙashin rurin waɗannan jirage suka yi cinikinsu. Shi kuma Coningham ɗin da ya fara sauka a Kano, shi aka ba jagorancin rundunar saman Ingila ta hamadar Masar da Libiya a 1941.

Jiragen da suka sha mai a Kano, Hurricane da Tomahawk da Kittyhawk, babu mai leɓe a cikinsu. Abokan karawarsu kuwa, 109 na rundunar JG 27, sun iso Libiya a watan Afrilu na 1941. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, don masu son jirgin sukan wuce gona da iri: leɓe bai sa 109 ya fi Hurricane matse kwana ba. Mai babban fiffike shi ke da kwana. Ƙarfin 109 yana wajen hawa da gudu, kuma yawancin nasarorinsa daga sama yake faɗowa ya yi harbi ya sake hayewa. Sanin haka ne ya sa matuƙan Ingila da na Afirka ta Kudu da Ostareliya sukan yi da'ira in an rutsa su, kowa yana tsare bayan na gabansa. Wani matuƙin 109, Hans-Joachim Marseille, ya yi suna ne da faɗawa cikin irin wannan da'ira: ya rage totur, ya sauke faifan bayan fiffike, ya matse kwana a ƙaramin gudu, ya yi harbi gaban inda jirgi zai je. Wannan wasa ne a bakin iyaka, a daidai inda leɓe ke buɗe, inda jirgi mai ƙaramin fiffike marar leɓe zai iya kifewa. An lissafa masa jirage 158, mafi yawansu a hamada, kafin ya mutu ranar 30 ga Satumba 1942 yana ɗan shekara 22, lokacin da injinsa ya kama hayaƙi ya yi tsalle ya bugi wutsiyar jirginsa.

Leɓen yana da nasa halin. Ba ya buɗewa a hankali in an ja sanda da ƙarfi, fita yake yi da ƙara, a ji ta har cikin gangar jirgi. In jirgin ya ɗan zame gefe, ko ya shiga dagulalliyar iskar da wani jirgi ya bari, leɓe ɗaya na iya riga ɗaya fita, sanda ta fizge a hannu, hanci ya kauce, saitin bindiga ya lalace daidai lokacin da ake bukatarsa. Matuƙan gwaji na Ingila da suka tuƙa wani 109E a Farnborough a 1940, wanda Faransawa suka kama suka miƙa musu, sun lura da wannan fizga, sun kuma lura cewa suɓucewar jirgin mai laushi ce, ba ya neman katantanwa. Matsalar ta fi yawa ga sabon matuƙi. Yaro ne da bai daɗe da fitowa makaranta ba, an cika masa kunne da labarin waɗanda juyi ya kashe. Yana cikin kwana ya ji ƙara a fiffike, sanda ta motsa, sai ya saki, yana zaton ya kai ƙarshe. Tsofaffin hannu kuwa sun san cewa ƙarar sanarwa ce kawai, akwai sauran digirori a gaba, kuma a cikinsu ake cin faɗa ko a tsira. Wannan na daga cikin dalilan da har yau ake gardama a kan wanda ya fi kwana tsakanin 109 da Spitfire: shaidun da suka ba da labari, wasu sun tsaya a bakin ƙofa, wasu sun shiga ciki. Da yaƙi ya yi nisa, Jamus ta rage wa ɗalibanta awannin horo saboda ƙarancin mai da na malamai, sai masu tsayawa a bakin ƙofa suka fi yawa.

Akwai kuma ƙura. Mu da muka san yadda hunturu ke shiga cikin kwano a rufe ba ma bukatar dogon bayani. Abin da iska kaɗai ke motsa shi dole ya kasance sakwaf, yatsa ɗaya ya isa ya jawo shi ya mayar. Rairayi kaɗan a mahaɗinsa, ko 'yar lanƙwasa daga bugu, sai leɓe ɗaya ya cije ɗaya ya fita, abin da aka yi don daidaita fukafukai ya zama shi ke raba su. Saboda haka aikin makanikin da ke share mahaɗan yana gwada su da hannu kafin tashi bai gaza na mai ɗura harsashi ba.

Wasu maƙera sun bi wasu hanyoyi. Fiffiken Spitfire murɗe shi aka yi kaɗan, tushensa ya fi ƙarshensa ɗaga goshi da wajen digiri biyu da rabi, don tushen ya riga suɓucewa ya girgiza jirgi ya gargaɗi matuƙi. Manufa ɗaya ce da ta leɓe, ba tare da wani abu mai motsi ba, amma sai da babban fiffike mai wuyar ƙira. Focke-Wulf 190 ba shi da leɓe, kuma an san shi da suɓucewar ba-zata a cikin matsattsiyar kwana, fiffike ya faɗi jirgi ya kife. Rasha ta ƙara wa MiG-3 leɓe a 1941 bayan ya nuna son katantanwa, haka jiragen Lavochkin da suka biyo baya. A Ingila an sa wa Westland Whirlwind leɓuna, daga baya aka kulle su bayan haɗurra. Corsair na Amurka kuwa fiffikensa na hagu ne ke riga faɗuwa wajen sauka, sai aka manna wa goshin na dama wani ɗan ƙarfe mai kaifi, tsawonsa wajen santimita 15, don ya ɓata masa iska da gangan su suɓuce tare. A ɗaya gefen akwai Fieseler Storch, ɗan jirgin leƙen da Rommel, kwamandan sojan Jamus, ya riƙa yawo da shi a hamada, mai leɓe a buɗe dindindin daga tushe har ƙarshe, wanda ke iya tafiya a wajen kilomita 50 a awa bai faɗo ba.

Bayan yaƙi dabarar ba ta mutu ba. Injiniyoyin Amurka sun yi nazarin leɓen Me 262, jirgin Jamus mai injin jet, suka sa irinsa a F-86 Sabre. A lokacin yaƙin Koriya aka cire shi aka faɗaɗa goshin fiffiken don samun kwana a babban gudu, sai saukar jirgin ta ƙara wuya, kuma a samfurin baya aka mayar da shi. Manyan jiragen da ke kwasar alhazai daga Yamai da Kano suna da shi ko irinsa, sai dai nasu inji ke turo shi bisa umarnin matuƙi. Wanda ya samu kujerar taga a gaban fiffike zai ga goshin ya zamo gaba ya sunkuya kafin tashi da kafin sauka. Ranar 25 ga Mayu 1979 a Shikago, injin hagu na wani DC-10 ya ɓalle yana cikin tashi, ya tsinke bututun man da ke riƙe da leɓunan waje na wannan gefe, suka koma ciki, na dama suna waje. Fiffiken hagu ya suɓuce shi kaɗai, jirgin ya kife. Mutum 273 suka rasu.

Shi kuwa Lachmann, yaƙin ya same shi a Ingila da takardun Jamus. Aka tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, aka kai shi Kanada, daga baya aka dawo da shi tsibirin Man. Daga cikin sansanin ya ci gaba da yi wa kamfanin Handley Page lissafi, a shekarun da leɓen da ya fara tunaninsa a gadon asibiti yake buɗewa yana rufewa a fukafukan ɓangarorin biyu. Da aka sake shi ya koma bakin aikinsa, yana binciken yadda iska ke manne wa jikin fiffike, har ya rasu a Ingila a 1966.